Firintar Gidan Maiturare

Masta Falalu ɗan Maamobi ne, wata unguwar zango a babban birnin bakin teku, a nan aka yanke cibiyarsa, ko da yake mahaifinsa daga Maraɗi ya zo da fataucin albasa bai koma ba. Shi ya sa Hausarsa ta fi ta 'yan unguwa cika, har abokai na tsokanarsa wai yana magana kamar mai karanta labarai. Da gyaran rediyo ya fara a Circle, matattarar masu kayan lantarki, ya koma talabijin, da kwamfuta ta shigo gari ya bi ta. Gajere ne, mai taurin kai, shekararsa hamsin da bakwai, kuma ba ya son a tsaya masa a ka in yana aiki.

Aikin da aka san shi da shi na wata makarantar kuɗi ce a Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da tasu. Makarantar ba ta da filin kanta. Wa ke da fili a Nima? Azuzuwanta na warwatse cikin gidajen haya huɗu, ofis na cikin na biyar. Falalu ne ya ja waya ta saman rufin kwano ya haɗa su, ya ajiye firinta a kowane gida. Kowace firinta tana shelar kanta ga kwamfutar ofis: sunana kaza, ina wuri kaza. Malami ya buɗe jerin, ya zaɓi gida, takarda ta fito can.

To, a Nima ba a faɗin wuri da lamba, da kwatance ake faɗi. Haka Falalu ya rubuta wa firintocin: "Gidan Bukar, bayan mai waakye, hawa na biyu." Waakye shi ne shinkafa da wake a bakin 'yan gari. Ko sabon malami ya gani ya san inda takardarsa ta nufa. Sai dai tsarin da firintocin ke shela da shi ya keɓe wa kansa wasu alamomi. Waƙafi a wurinsa na nufin wannan bayani ya ƙare, wani ya fara. Baka biyu kuma da su yake buɗe magana ya rufe. In ka bar waƙafi tsirara cikin kwatance, sai ya datsa kwatancen kashi biyu. In baka ce ka bari, sai a yi watsi da shelar baki ɗaya, firinta ta ɓace daga jeri alhali tana zaune lafiya lau. Maganin shi ne a sa wa alamar riga: karkatacciyar sanda, sannan lambarta. Waƙafi ya zama \2C, bakar buɗewa \28, ta rufewa \29. Shekara goma sha ɗaya Falalu na sa waɗannan riguna da hannu, bai taɓa mantawa da ko ɗaya ba, kuma wallahi bai bar kowa ya manta da hakan ba.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne idanunsa. Shekara biyu ke nan hazo na rufe su. In yana shi kaɗai sai ya ƙara girman rubutu har harafi ya kai ɗan yatsa; in da mutane sai ya mayar, ya yi aiki da abin da hannu ya haddace. Tsoronsa ɗaya ne: kada Hajiya Safara'u, mai makarantar, ta gane ta karɓe aikin. Ya san wani kamfani ya zo mata sau biyu yana neman aikin.

Sai Maiturare, mai ɗaya daga gidajen, ya sauke farali. 'Yarsa Mas'uda, wadda ke koyarwa a makarantar, ta buɗe jerin ta ga "Gidan Maiturare" haka gayansa, ta ce ina! Mutum ya je Makka ya dawo, a kira shi kamar wani sa'an wasa? Hajiya ta ce gaskiyarta. Kuma tunda ƙanensa ma Alhaji Maiturare ake ce masa, sai a bambanta.

Ana gobe jarrabawa, bayan la'asar, aka kira Falalu ofis. Hajiya da Mas'uda suka tsaya masa a ka suna faɗa masa: "Gidan Alhaji Maiturare (babba), kusa da famfo." Da mata biyu a bayansa, ba halin ƙara girman rubutu. Ya buga da ka, ya rufe kwamfutar, ya ce an gama.

Washegari ƙarfe takwas aka aika takardun jarrabawa. Gidaje uku suka samu. Na Alhaji babu shi a jerin ma sam, ga ɗalibai arba'in da ɗaya zaune da biro a hannu. Dokar Hajiya kuwa ita ce takardar jarrabawa ba ta bin lungu a hannun kowa, kuma duk azuzuwa tare suke farawa. Don haka makaranta duka ta tsaya.

Falalu ya zo da gumi. Ya san inda ciwon yake tun kafin ya zauna: wata alama ce ta fita ba riga. Ya buɗe layin. Baƙi-baƙi kawai yake gani, kamar tururuwa a kan farin faranti. Ya goge gilashin kwamfutar da hannun riga. Ya ce bari ya duba waya, ya fita, ya zaga, ya dawo. Ya sake buga layin da ka, bai gyaru ba. Ofis ya cika da malamai, kowa ido a kansa. Ƙarfe tara saura kwata Mas'uda ta aiko cewa yara sun fara surutu.

Ya ƙura wa hasken kwamfutar ido. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Hajiya, don Allah karanta mini layin nan. Harafi-harafi."

Ta sa tabarau ta sunkuya. "Sanda, biyu, takwas. Babba. Baka. Sanda, biyu..."

"Tsaya. Bakar nan ce. Goge ta, ki sa sanda, biyu, tara."

Ta buga da yatsa ɗaya. Gidan Alhaji ya fito a jeri da cikakken sunansa. Malamai suka watse da hamdala, aka fara jarrabawa.

Da ofis ya rage su biyu, Hajiya ta cire tabarau ta ajiye.

"Masta, tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Ka je asibiti?"

"Sun ce na makara."

Ta ce Allah ya sawwaƙe, ya ce amin. Ta yi masa godiyar shekarun nan, ba ta gajarta ba, ta ambaci ranar da ya hau rufi cikin ruwan sama. Sannan ta ce ɗalibai amana ce a wuyanta, kuma ya san haka. Ya ce ya sani. Ta nemi makullin akwatin da wayoyin ke haɗuwa a cikinsa.

Ya zaro tarin makullansa, ya laluba, ya ɓalle ɗaya ya miƙa mata da hannu biyu. Hajiya ta duba. Na ɗakinsa ne. Ta karɓi tarin daga hannunsa, ta mayar masa da nasa, ta cire wanda take nema.