Jumare da Sabis ɗin Lahadi

A shekarar 1984 na fara sanin Jumare, shekarar da sojoji suka koya mana bin layi da bulala. Ina da shekara arba'in da takwas a lokacin, ina hedimasta a wata firamare kusa da Ikara, ga 'ya'ya shida. Sai umarni ya zo daga sama cewa za a rage ma'aikata, kuma duk malamin da takardarsa ta tsaya inda tawa ta tsaya, ko ya ƙaro karatu ko ya koma gona. Gonar da na gada kuwa ko akuya biyu ba za ta riƙe ba. Matata Matta ta ƙulla mini gari da ƙuliƙuli, na tafi kwalejin horon malamai da ke kan hanyar Makarfi, na zama ɗalibi tare da yaran da wasunsu ni na koya musu abacada.

Jumare ne a gadon da ke saman nawa. Ɗan Gubuchi ne, ya ɗan haura talatin, dogo siriri kamar raken da mahaifinsa ke nomawa. Ya yi shekaru yana koyarwa a ƙauye kafin guguwar da ta kwaso ni ta kwaso shi. Kayansa duka akwatin kwano ne, da buta, da garaya mai tsirkiya biyu, da ƙullin mazarƙwaila. Da na shigo da kwat da laima, ya leƙo daga sama ya gaishe ni gaisuwa mai kyau, har ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "Baba, ɗanka ka rako?"

Na ce, "Ni ne ɗan."

Ya ce, "To, Allah ya raya mana kai."

Dokar kwalejin ita ce, kowane ɗalibi sai ya ci jarrabawar wasa ɗaya na motsa jiki kafin a ba shi takarda. An yi wa dattawa irina sassauci, an ce za mu iya zaɓar alƙalancin wasa, mu riƙe usur mu tsaya a inuwa. Abin da na yi niyya ke nan. Amma ranar Juma'ar farko, a ɗakin cin abinci, wata ɗaliba mai suna Selina ta hau benci ta yi shela cewa duk mai son koyon sabis ya zo babban zaure ranar Lahadi da yamma, ana neman sababbin hannu.

Ni kuwa a makarantar mishan na tashi. A wurinmu sabis abu ɗaya ne, wato sujada. Na yi shekara ashirin ina jagorar mawaƙan ikilisiyarmu. Na ce a raina, yaran nan sun yi sa'a, Ubangiji ya aiko musu da gwani. Ranar Lahadi na goge kwat, na ɗaura laktaye, na rungumi littafin waƙoƙi, na shiga zauren da tafiyar da ta dace da mai shiga ɗakin sujada.

Na tarar da raga a tsakiyar zaure, tsohon gidan sauro ne aka yanka aka ɗaure. Samari da 'yan mata cikin gajerun wanduna suna tsalle, kowa riƙe da wani abu kamar rariya mai dogon mariƙi, suna dukan wani ƙullin gashin tsuntsu. Wasan da ake kira badminton ke nan, sabis kuma shi ne bugun farko da ake buɗe wasa da shi. Kowa ya juyo yana kallona. Malam Sada, malamin wasanni, ya dubi laktayena, ya dubi littafin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ɓatan hanya aka yi?"

Da ni mai hankali ne, da na yi dariya na juya. Amma a cikin masu kallona akwai yara uku da na taɓa yi wa bulala saboda rashin fahimtar Turanci. Na ajiye littafin a kan taga na ce, "Wasan na zo koya. Na daɗe ina sha'awarsa."

Malam Sada ya ce, "Madalla. Wanda ya zaɓa fa ya zaɓa, babu canji."

Jumare ya miƙo mini tasa rariyar, ya raɗa mini, "Baba Hedimasta, sai ka ja mu bi, mu ce amin."

Abin da ake duka sunansa shatil, daga waje ake kawo shi, kuma tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ya ɓace daga kantunan Zariya tare da madara da sabulu. Jumare ne ke yi wa tsofaffin ciko da gashin agwagwa da danƙo, saboda haka muke ce musu agwagwa. Shi ya fi kowa iyawa, kuma babu takalmi yake wasa. Ni kuwa nakan saki agwagwa, in kai duka, in ji ta sauka a kan takalmina. A rana ta uku na bi ta da gudu da baya, ƙafafuna suka harɗe, na faɗi rigingine. Ina kwance ina kallon silin, ƙirjina na dukan tara-tara, sai na ga wani ƙadangare yana leƙo ni yana gyaɗa kai, kamar ya san abin da ban sani ba. A nan na tuna mahaifina a shekara hamsin ya rasu.

Ma'aikacin ɗakin shan magani ya auna ni ya ce jinina ya ɗan hau, in rage gishiri. Kalmar "ɗan" ban ji ta ba. Daga ranar na shiga shirin mutuwa da irin tsarin da nake shirya jarrabawar ƙarshen shekara. Na zaɓi wanda zai yi wa'azi, na zaɓi inda za a sa ni, na zaɓi waƙar da za a rera. Na shiga ƙungiyar mawaƙan kwaleji, na yi ta horar da su a kan waƙar nan ɗaya, ban gaya musu ta wane ne ba. Suna ta ƙorafi, don su waƙoƙin tafi da rawa suke so. Ranar Asabar da yamma zauren nan na masu kiɗa ne, da jita mai waya huɗu, da rediyon kaset da ake shanya batiransa a rana, yara na rawa da yunwa a cikinsu kamar ba za a mutu ba. Ni ina zaune a baya ina lissafin waɗanda za su yi kuka a jana'izata. Ban samu da yawa ba.

Bari in faɗa a nan, tun da maganar ta zo: yau na wuce shekarun mahaifina da kusan talatin, gishirin ma ban rage ba. Jumare ne ya riga ni. Ya rasu a 1996 yana koyarwa a Paki, zazzaɓin 'yan kwanaki, kafin labari ya iso Ikara an riga an kai shi.

Shi ma yana da nasa dodon a kwalejin, wato darasin kiɗa. Duk waƙar da ya ji sau ɗaya zai fitar da ita a garaya, amma jarrabawar ba ta kunne ba ce. Malami zai rubuta do, re, mi a allo, kai kuma ka rera. Jumare ya ce shi tururuwa kawai yake gani. Ya riga ya faɗi jarrabawar sau ɗaya, in ya ƙara sai maimaita shekara. Na ce ya same ni gindin mangwaro bayan la'asar. Da yake waƙa ɗaya ce a kaina a lokacin, da ita na koya masa, ina nuna masa inda kowane harafi yake a tsirkiyar garayarsa.

Ya ce, "Baba, wannan ba ita ce ta binne ka ba?"

"Wa ya gaya maka?"

"Kullum kana rera ta kana share hanci. Ni dai do-re-mi na zo koya, abin da ke ciki tsakaninka da fastonku. Amma in ka tashi, ka bari sai an gama jarrabawa."

Ya ci, da maki mai kyau. Na jira godiya irin wadda aka koya mana a mishan, a tsaya a miƙe a faɗi kalmomin a jere. Sai ya gutsuro mini mazarƙwaila ya haye gadonsa. Na ji haushi, na ce wa kaina yaran yanzu ba su da tarbiyya.

Jarrabawar badminton ta zo a ƙarshen zangon ƙarshe. Kowa zai kara da wanda ƙuri'a ta ba shi, wasa zuwa maki goma sha biyar, kuma wanda bai kai biyar ba ya faɗi. Ni tun da na fara ban taɓa wuce biyu ba. Faɗuwa kuwa na nufin babu takarda, babu takarda babu aiki. Malam Sada ya ƙara da cewa a ranar zai zaɓi mutum ɗaya da zai wakilci kwaleji a gasar Kaduna, za a ba shi riga da sababbin takalman kambas. Kowa ya san na Jumare ne. Har ya auna ƙafarsa da zare.

Aka ja tsinke, na faɗa hannun Ahmadu, ƙato mai dukan agwagwa kamar ta ci masa shuka, wanda kuma na taɓa gyara wa Turanci a gaban 'yan mata. Ya dube ni ya yi murmushi. Amma da aka kira sunana, Jumare na gani a tsallaken raga. Sun yi musayar tsinke. Raina ya ɓaci, domin gara Ahmadu, shi yakan yi kuskure.

Na ce, "Ɗan Gubuchi, da hannunka ka zo ka binne ni?"

Ya ce, "Ai na iya waƙar, Baba. Yi sabis."

Abin da ya faru a ranar na daɗe ina jin daɗinsa. Duk inda na ɗaga rariya, sai in ji agwagwa ta dake ta ta koma. Na ɗaga sama, ta zo. Na miƙa gefe don kada in faɗi, ta zo. Jumare na ta zubewa ƙasa yana bin bugun da na yi, yana kuskurewa da ɗan kaɗan, yana tashi yana karkaɗe gwiwa yana cewa, "Kai, tsohon nan!" 'Yan mata suka fara kiran Hedimasta, Hedimasta. Aka tashi yana da goma sha biyar, ina da bakwai. Na sunkuya wa 'yan kallo kamar yadda ake yi bayan waƙar Kirsimeti.

Mako guda ina ba da labari. Na aika wa Matta cewa ashe baiwa ce ta ɓoye sai yanzu. Na daina horar da mawaƙa a kan waƙar jana'iza, na bar su suka yi ta tafi. Ranar Lahadi na ƙalubalanci Selina, wadda duk ita ta jawo mini, na ce zan yi mata sassauci. Ta ba ni goma sha biyar da babu, tana wasa tana cin gyaɗa.

Malam Sada na zaune a bakin taga. Na ce masa yau hannuna ne ke ciwo. Ya ce, "Malam Istifanus, kai dattijo ne, ba zan ɓoye maka ba. Ran nan ba kai ka bugi agwagwa ba, Jumare ne ya yi ta jifan rariyarka da ita. Tun da nake ban taɓa ganin saiti irin wannan ba. Doka ta ce biyar, ka samu bakwai, na ba ka. Amma shugaban kwaleji na zaune yana kallo, ba zan iya ce masa wanda tsoho mai laktaye ya wahalar shi zai je mana Kaduna ba."

Na sami Jumare a gindin mangwaro yana liƙa gashi. Na tsaya na miƙe, na fara jero kalmomin godiya yadda aka koya mana. Bai bari na kai rabi ba.

Ya ce, "Baba, gashin agwagwa ne fa, ba ya jin magana. Inda ya ga dama nan yake sauka. Riƙe mini nan danƙon ya kama."

Na riƙe. Da motar kwaleji ta tashi zuwa Kaduna, Ahmadu ne a gaba, ya ɗora sababbin kambas a kan taga don kowa ya gani. Jumare na tsaye a bakin ƙofa da silifas ɗinsa, yana yi masa ihu ya kula da bugun hagu. Ni kuma a watan da ya biyo na koma Ikara da takardata, na ci gaba da aiki har na yi ritaya.