Zubairu da bankin bakin kasuwa

Ranar da aka binne mijin Tasalla Maiturare, ruwa ya sauka a Umdurman, nan Sudan, tun hantsi, irin ruwan damina mai cika lunguna, har rakshoshi, kekunan haya masu ƙafa uku, suka daina shiga unguwarmu. Kowa ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Cikin wannan taɓon muka hango Ustaz Salih, mudir, wato manajan ɗan bankin da ke bakin kasuwa, ya naɗe jallabiyarsa har gwiwa. Bai tsaya gaisuwa ba, ya sa kafaɗa ƙarƙashin makara, ya bi mu har maƙabarta.

Zubairu na kusa da ni. Ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Ka gani? Wannan ba zai ci amana ba."

Zubairu maƙwabcina ne. A Jazira aka haife shi, a bukkokin leburori, kuma tsinkar auduga ya tashi yana yi. Can, kafin mutum ya shiga gonar wani, sai an aika wanda zai duba mai gonar. Zubairu ake aikawa. Ba ya tambayar faɗin gona. Yakan zauna ya ga ko mai gida na cin abinci tare da ma'aikata, ko yana zuwa gaisuwar mutuwa gidan talaka. In ya dawo ya ce a shiga, a shiga. Da ya komo birni yana dako a kasuwar Suk al-Shabi, daga baya yana sayar da gyaɗa da garin kuka, wannan aikin ya biyo shi. Mai neman gidan haya, mai ba da 'ya aure, duk sai sun ji ta bakinsa. Ba shi da rumfa tasa, ba shi da ɗa namiji. Maganarsa ita ce abin da ya mallaka.

Bayan Tasalla ta fita takaba, ta same mu a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. Ita ce uwar adashin mata masu haɗa humra da turaren wuta, wanda nan ake ce wa sanduk. Kuɗin yana kwana a gwangwani ƙarƙashin gadonta, ga shi yanzu ba namiji a gidan.

"Yaya Zubairu, bankin nan fa? Mata sun ce in tambaye ka."

"Kai kuɗin, ki yi barci."

"Ni dai na ji an ce kowa ya je neman rance ana ba shi. To a ina suke samu?"

Ya yi dariya. "Ke Tasalla, turarenki ma sai kin shinshina sau goma. Mutumin da ya ɗauki mijinki cikin ruwa ne zai gudu da gwangwaninki?"

"Ban ce zai gudu ba."

"To me kika ce?"

Ta gyara mayafinta. Washegari ta kai.

Gaskiya Ustaz Salih bai gudu ba. Abin da ba mu gane ba shi ne, duk gidan da ya shiga gaisuwa, ya fito da alkawarin rance. Wannan a saya wa maraya raksha, wancan a tayar da katangar da ruwa ya rushe. Lokacin biya ya zo, ba ya iya buga ƙofar gidan da ya zauna a tabarmar makokinsa. Mu kuwa muna yaba shi. Ni ma na yaba.

A hankali bankin ya fara rama. Na'urar sanyaya ɗaki ta mutu ba a gyara ba. Yarinyar da ke biyan kuɗi ta koma wani babban banki a Bahri. In ka je cirewa a ce ka karɓi rabi, ka dawo bayan Juma'a. Tasalla ta sake zuwa gindin darbejiya.

"Yaya, in ciro?"

Na ga fuskar Zubairu ta canja. In ya ce ta ciro, gobe duk unguwa za ta yi layi, kuma shi ne ya kashe bankin. In ya ce ta bari, nauyin na wuyansa.

"Jiya na gan shi a sahun gaba," ya ce. "Ki ƙara haƙuri."

Cikin azumi yaƙi ya tashi. Bankin bai sake buɗewa ba, daga baya ma aka ɓalle ƙofar, ba a samu abin kirki a ciki ba. Masu ajiya a manyan bankuna suna tura kuɗi ta waya su biya motar fita daga gari. Matan sanduk ba su da komai a waya, kuɗin mota kuwa kullum hawa yake. Ustaz Salih ya sayar da motarsa ya raba wa tsofaffi, abin bai kai ko'ina ba. Tasalla ta tura jikokinta Gadarif da kuɗin awarwaronta, ita ta zauna. Maganin sukarinta ya ƙare, ba a samu wani ba. Mu huɗu muka kai ta maƙabarta.

Kafin ta kwanta, ba ta taɓa faɗa wa Zubairu baƙar magana ba. Sau ɗaya dai ya kai mata ruwa a jarka, ta ce, "Ajiye nan, Yaya. Ai ni na tambaye ka." Ya ce da ni da ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

An samu wanda zai ɗauke shi kyauta zuwa Kassala, ya ƙi. Ya ce ba zai hau motar da matan nan ba su hau ba.

Zubairu yana nan Umdurman. Idonsa ɗaya ya tafi. Yana hura wuta a tukunyar sadaka ta masallacinmu, inda ake dafa wa unguwa wake da adas. Kwanan baya wani da ya dawo ya tambaye shi ko mai gidan da zai kama haya mutumin kirki ne, ya ce masa bai sani ba.