Fostar da Ba Ta Jin Kunyar Suruki

Duk wanda ya saba bin hanyar Kunci da damina ya san Malam Sha'aban, malamin gona. Ko bai san sunansa ba ya san babur ɗinsa, wanda ake jin tarinsa tun daga bayan gari, ya kuma san jakar kwamfutar nan da yake goyawa a baya, an naɗe ta da leda saboda ruwa. Mutum ne siriri, mai yawan gaisuwa, wanda in ya tsaya gaishe ka sai ka nemi inuwa. Ubansa malamin allo ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma yaron ya taso da ciwon awo. Komai ya gani sai ya auna. Tun yana firamare yake auna tsayin dawar maƙwabta da igiyar guga, har aka fara yi masa addu'a.

Da ya je kwalejin aikin gona, wani malaminsu ya koya masa hanyar yin fosta, wato babbar takardar nan da masu bincike ke kafewa a bango su nuna abin da suka gano. Sauran mutane hoto suke ja da hannu su ajiye nan, su ja rubutu su ajiye can. Shi Sha'aban ya raina wannan. Zallar rubutu yake yi, baƙi a kan fari, babu ado ko kaɗan. In yana son take sai ya sa wata 'yar alama mai kama da shinge a gaban layi. In yana son kalma ta yi kauri sai ya kewaye ta da taurari. A tsakiyar jimla kuma, inda adadi ko suna zai shiga, ba ya rubuta komai da kansa, sai ya cusa ɗan umarni da yaren kwamfuta: je ki wurin awon da na tara, ki lissafa, ki sa amsar a nan. Yana danna maɓalli, fosta ta fito da zanenta da launinta. Awo ya canza, fosta ta canza da kanta.

Wannan abu ya shiga ransa fiye da kima. Ya sha tare mutane a bakin masallaci yana yi musu bayanin cewa fostarsa ba ta iya ƙarya, domin hannunsa ba ya taɓa sakamako. Mutane su ce madalla, su lallaɓa su nemi takalmansu. Matarsa Ramlat ta ce ko cefane ta aike shi, da zai samu dama da umarni zai rubuta.

To, mutumin nan da ba ya tsoron lissafi, akwai wanda yake tsoro a duniya: surukinsa, Alhaji Muntaka, mahaifin Ramlat. Kowa yana jin kunyar suruki, amma ta Sha'aban ta wuce misali. In ya hango Alhaji a hanya sai ya kashe babur ya gangara cikin gero. Ya taɓa wuni a bayan rumbu saboda Alhaji ya zo duba jikokinsa ya zarce da hira. Shi kuwa Alhaji manomi ne na gaske, mai ji da kansa, wanda in ana zancen gero a majalisa shi ke rufe magana. Shi ya yanka wa Sha'aban 'yar gona a gefen tasa bayan aure. Kuma gaskiya a faɗe ta, malamin gonan nan ba manomi ba ne. Yana can yana koya wa mutane noma, tasa gonar ciyawa na cin kasuwa a ciki.

A wata damina aka yi gwajin taki a ƙauyen. Aka raba wa wasu manoma taki daidai wa daida, kowa ya riƙa zuba cikin murfin kwalba a gindin kowace shuka, aka bar wasu gonakin babu taki don a kwatanta. Alhaji ya shiga, Sha'aban ma ya sa tasa gonar. Fosta za ta jera gonaki bisa yawan geron da kowane kwanon taki ya haifar, a kafe ta ranar taron manoma a ƙofar gidan dagaci. Kuma dole da sunaye, domin a bara da ya sa lambobi kawai, sai da aka kusa dambe a kan waye mai gona ta uku. Dagaci ya ce bana kowa ya ga sunansa, a huta.

Aka yi girbi, aka sussuka, aka auna. Sha'aban ya shigar da awon ƙarshe da hantsi, yana zaune a tsakar gida, ya danna maɓalli. Fosta ta fito tsaf, kore da ruwan ƙwai. A can sama sunansa ne, gonarsa ta zo ta ɗaya. Kafin ya gama murmushi idonsa ya sauka ƙasa, inda shi da kansa ya umarci kwamfuta ta rubuta gonar da ta zo ƙarshe da manyan baƙaƙe, don a ɗauki darasi. Sunan Alhaji Muntaka ne zaune a wurin, ƙato, ja wur.

Ya sake dannawa, ko Allah zai sa ta canza ra'ayi. Ba ta canza ba. Ya ƙanƙance rubutun har sai an sa tabarau, ya tuna Alhaji yana da tabarau. Ya juya jerin ya zama na ƙarshe ne a sama, sai ga surukinsa a ƙololuwa da kalmar "ƙarshe" a gefensa, abin ya fi muni. Ya canza jimlar zuwa "gonar da ta fi buƙatar addu'a", Ramlat ta leƙo ta karanta, ta ce in ya kafe wannan ya nemi inda zai riƙa cin tuwo. Ya yi tunanin cire sunan gaba ɗaya, amma ya san Alhaji shi zai fara zuwa da sandarsa yana neman sunansa layi-layi.

Hanya ɗaya ta rage, kuma ya san ta. Ya buɗe awon, ya ƙara wa Alhaji 'yan kwanuka, shi ke nan, babu wanda zai sani. Ya ɗora yatsa a kan adadin ya fi a ƙirga, yana ɗagewa. Ga mutumin da ya ba shi mata da gona, ga kuma abu ɗaya tak da yake tinƙaho da shi a rayuwarsa. Abinci ya daina shiga. Ramlat ta ga mijinta yana ramewa a kan takarda, ta kai zancen wurin innarta, inna kuma ba ta iya riƙe magana ba.

Wata rana bayan la'asar aka aiko Alhaji na kira. Sha'aban ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi, ya tsuguna a ƙofar zaure, kansa a ƙasa. Alhaji yana ciki yana bai wa ragonsa harawa. Shi ma fa kunyar yake ji, don haka bai dubi surukinsa ba, ragon ya fuskanta, da shi ya yi maganar.

Ya gaya wa ragon cewa akwai wani yaro mai gona a gefen tasa, wanda geronsa ya yi rawaya tun kafin noman farko, abin tausayi. Ya ce shi ba zai iya zama a majalisa ana cewa mijin 'yarsa, malamin gona guda, ya zo na ƙarshe a noma ba. Shi ya sa takin da aka ba shi bai zuba ko ƙwaya a gonarsa ba, can gonar yaron ya kai shi a ɓoye, murfi-murfi, kamar yadda aka koyar.

"Ka gaya masa," in ji Alhaji, yana shafa wuyan ragon, "ya bar takardarsa yadda take. Ni na tsufa, dariya ba ta yi mini komai. Shi ne ke da sauran fuskar da za a duba."

Sha'aban ya ƙara sunkuyar da kai. Ya ce na gode Baba, da muryar da ko ragon bai ji ba, ya ja da baya har ya taka takalminsa.

Ya koma gida ya zauna gaban kwamfuta, hawaye na ɗiga a kan maɓallai, Ramlat na faɗan zai lalata abin mutane. Yanzu an ba shi izinin ya bar ƙarya a kan takarda, daga bakin wanda ba ya iya yi wa musu. Sai dai awon da ke gabansa ba daidai ba ne, kuma ya sani. Bai taɓa adadin gero ba. Layin taki ya gyara: a gaban sunan Alhaji ya sa babu, a gaban nasa ya ninka. Ya danna maɓalli. Alhaji ya tashi daga ƙasa ya koma cikin gonakin da ba a sa wa taki ba, ya zauna a samansu daram. Sha'aban kuwa, da takin mutum biyu da geron mutum ɗaya, ya sulalo har ƙasa, ya shige gurbin jan rubutun nan da ya tanada da hannunsa. Haka ya kai ta Ɗanbatta aka buga, mai bugawar yana tambayarsa ko ya duba da kyau.

Ranar taro ba a saurari bayanin murfin kwalba ba. Wani ɗan sakandare ya karanta layin ƙasa da ƙarfi, wurin ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Sha'aban na tsaye gefen fostarsa da ɗan karan nuni a hannu, gumi na bin bayansa, bai gudu ba.

Alhaji Muntaka ya ratso jama'a, ya sa tabarau, ya bi layukan da sanda har ya ga inda aka sa shi da inda yaron ya sa kansa. Sannan ya juya wurin dagaci.

"Ranka ya daɗe, ka ga yaron nan? Na ba shi 'yata, na ba shi gona, na ba shi takina. Ƙarya ɗaya na roƙe shi, ya hana ni."

Dariyar ta mutu. Alhaji ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga, ya ce in an tashi taro kada kowa ya taɓa takardar nan, a naɗe ta a kai masa gida, a zaurensa za a kafe ta.