Hanyar Ruga a Cikin Jif

Shekarar da aka sauke tutar Bature, kindirmo nake sarowa a wata ruga can bayan Sagnarigu, in kawo Sabonjida. A ƙafa nake zuwa, goruna biyu cikin kwando a ka. Bafulatana ɗaya nake saye wurinta, shekara tara, ita ce cin abincina.

Sai ofishin dabbobi suka share wata 'yar hanya cikin dajin, suka damƙa wa ƙanen mijina jif mai jan ƙafa huɗu, shi da bai yi wata uku da koyon tuƙi ba. Wata safiya ya tarar da ni a rugar.

"Yaya, shigo in rage miki hanya."

Na ce, "A kaina za ka ƙarasa koyon?"

"Haba Yaya, hanyar nan ko makaho ya bi ta. Rafi ɗaya ne, shi ma ya ƙafe."

Na shiga, amma ban yarda da shi ba, ban yarda da motar ba, balle gwamnatin da ke ɗaukar mutum kyauta. Hanyar gajera ce, ban ƙi ba, sai dai duk wata saiwar kaɗanya sai da muka taka. Na rungume gorunan, ina harararsa yana fito.

Da na juye a gida, kindirmon ya tsinke tsararo, kamar ruwan wanki. Take zuciyata ta tafi kan Bafulatanar. Ban ko sha ruwa ba na ɗauki gora ɗaya na koma rugar a ƙafa, na tsaya gaban surukanta na ce, "Ke, yau ni kike zuba wa ruwa?"

Ta karɓi goran, ta zura tsinke, ta zaƙulo curin man shanu da ya maƙale a ciki.

"A me kika koma gida?"

"A mota."

"To, motar ce ta kaɗe miki shi."

Na ba ta haƙuri a wurin, da ƙarfi, kowa ya ji. Sau uku ina komawa da goron ban haƙuri. Takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce shanu sun rage nono. Ban sake samun ko ludayi ɗaya daga hannunta ba.