Gadon Ƙasar Gwaggo

Har yau in na ga gadon ƙarfe raina ɓaci yake. Zamanin Turawa ne, garinmu Suleja ana kiransa Abuja, ni kuma ina aure a Iku. Gwaggona, yayar mahaifina, tana zaune a cikin gidan sarauta tun kafin a haife ni, har tsufa ya same ta a can.

A ɗakinta akwai gadon ƙasa. Matan Gwari ne suka gina shi, suka yi masa zane a goshi, aka shafe shi da makuba har yana ƙyalli. Ƙarƙashinsa akwai rami da ake zuba garwashi. Gwaggo tana fama da sanyin ƙashi, in ba ɗumin gadon nan ba, ba ta iya miƙe ƙafa da safe.

Rannan na kai mata doya, sai ga jakadiya da ƙarti biyu riƙe da diga. Wai matar wani Bature za ta shigo ganin ɗakuna, fadawa sun ce kada a kunyata gida da gadon ƙauye.

Na ce, "Haba jakadiya! Da damina? Ina za ta kwanta?"

Ta ce, "Gadon ƙarfe za a kawo, har da katifa. Ke miye naki?"

Gwaggo ta riƙe zanena. "Yi shiru, 'yar nan."

A gabana suka farfasa shi, suka kwashe ƙasar a kwando. Da ni namiji ce, wallahi da sai an ji kanmu.

Washegari aka kafa gadon ƙarfe mai rumfa, aka ɗora Gwaggo a kai, ƙafafunta na reto. Baturiyar ta shigo, ta dubi tasoshin jere, ta taɓa faifai ɗaya. Gadon kuwa ko kallo bai ishe ta ba, tana da irinsa a gida. Ta yi magana, tafinta ya juya mana: wai ina gadon ƙasar nan mai wuta da aka ba ta labari, shi ta zo gani.

Jakadiya ta kama kallon rufi. Ni dai na ciji leɓe don kada ashar ta kuɓuce mini.

Bayan la'asar ƙartin nan suka dawo suka kwance gadon ƙarfen. Ashe aro ne daga wani kanti. Suka bar wa Gwaggo tabarma a kan ɗanyen daɓen da aka yi a gurbin gadon ƙasar, hadari kuma ya riga ya haɗo daga gabas.