Tambayar da likitan Azare ya yi mana

Mun tashi daga Katagum ana idar da sallar asuba, ni da ƙanena, za mu asibiti a Azare. Na kama masa kujerar gaba shi kaɗai, don ƙugunsa ba ya jure matsi. Direba ya ce hanya ta yi kyau. Wataƙila ta wani garin yake nufi, domin duk ramin da muka faɗa sai na ji ƙanena yana salati ƙasa-ƙasa.

A bakin asibiti na saya mana kunu da ƙosai. Ƙosan bana sai ka sa tabarau kafin ka gan shi. Shi kuwa kurɓa biyu ya yi, ya miƙo mini kofin.

Ciwon dajin mafitsara ke damunsa, irin na maza, har ya kai ƙashi. A kan benci muka haɗu da wani dattijo daga Gamawa: ciwo ɗaya, allura ɗaya, kusan tare suka fara. Ga shi garau, har labarin gonarsa ta kankana yake ba mu. Da muka shiga na tambayi likita ko tamu allurar ce jabu.

Ya ce a'a. Wai akwai ƙwayoyin halitta da mutum ke gadowa, su kan sa ciwon wani ya tafi a hankali, na wani ya yi gaggawa. Na ce to namu wanne ne? Ya ce sai an aika jini gwaji can nesa, kuma ko an gwada ba lallai a san komai ba, don ba a yi bincike sosai a kan mutanenmu ba. Na gyaɗa kai kawai. Har yau ban gama ganewa ba.

Sai ya ce, "Baba, me ya yi ajalin mahaifinku?"

Ƙanena ya riga ni. "Tsufa ne, likita. Yaya ne ya yi jinyarsa."

Ni na yi jinyar, shi yana makaranta a lokacin. Fitsari ne ya ɗaure wa tsohonmu, bayansa ya riƙe, kamar dai wannan. Amma a gidanmu ɗa ba ya ambaton irin wannan ciwo a jikin ubansa. Na ce tsufa ne, na ja bakina shekara da shekaru. Sai ranar, a gaban likita, na faɗi gaskiya, kaina a sunkuye. Likita ya ce da an sani, da tuntuni an fara duba ƙanena. Ko hakan zai tsare shi, bai yi alkawari ba.

A hanyar dawowa ƙanena bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Sai da muka sauka, ina riƙe da hannunsa, ya ce, "Yaya, 'ya'yanka maza huɗu, nawa uku."

Tafiyar ba ta koya mini ilimin likita ba. Abin da na gane kawai, kunyar da na ji wa mamaci, mai rai ne ta cuta. Bayan la'asar na aika a kira su, su bakwai ɗin, na ce kowa ya zauna, zan ba su labarin kakansu.