Shotlis Ɗin Taubashiyata

Na daɗe da sanin kalmar shotlis a littafin Turanci, amma a bakin ɗiyar kawuna na fara jin ta da rai, a gidanmu na Gummi. Tare muka gama sakandare, tare muka nemi aikin wayar da kan mata a Bagega, lokacin da gubar dalma ta addabi yara. Ni na fara jin labarin aikin, ni na ja ta muka je.

Ina tankaɗen garin dawa ta faɗo gidan, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Inna, an yi shotlis ɗina!"

Mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna, ta saki muciya ta rangaɗa guɗa, a zatonta aiki ya samu. Sai da ta gama ta dube ni. "Ke, mi ake nufi da shi?"

"Zaɓe ne kafin zaɓe, Inna. Cikin tarin masu nema ake tsamo kaɗan, a kira su a yi musu tambayoyi. Ba a ɗauke ta ba tukuna."

"To ke fa?"

Kafin na buɗe baki taubashiyar tawa ta leƙa rariyar da ke hannuna ta ce, "Ga ta nan cikin tsaki."

Gida ya ɗauki dariya. Ba a fushi da wasan taubasai, don haka ni ma na dara.

Ranar da za ta Anka amsa tambayoyi, mayafina mai ruwan toka ta ara. Ya fi yi mata kyau, kuma kowa sai da ya faɗa. Da ta dawo na tsare ta sai ta gaya mini duk abin da aka tambaye ta. Babu wanda ban san amsarsa ba. Na yini ina amsa su a zuciyata, ina gyara nata.

An ɗauke ta. Tun ba ta fara ba matan unguwa suka laƙaba mata malamar asibiti.

Ni na raka ta tasha da jakarta a kaina. Mota na tashi ta leƙo ta ce za ta riƙa sa mini kunne ko wani aikin zai fito. Na ce Allah ya tsare hanya. Da zan koma gida sai na bi ta bayan kasuwa, inda babu mai tare ni ya ce, "Ke sai yaushe?"